Gargaɗi ga masu sayar da gidan da suke ciki a Damagaram

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Duk mai niyyar sayar da gida alhali yana ciki da iyalinsa, ya yi hattara da wasu mutane da ke yawo da sunan dillalai. Tsakanin Birni, Zango, Sabon Gari da Garin Malam suke kai-kawo, suna sauraren inda aka ce za a sayar da gida, musamman gidan gado.

Su biyu suke zuwa. Ɗaya dillali, ɗaya kuma wai wakilin wani Alhaji da ke wurin haƙar zinariya a Jado. Ba sa zuwa sai da hantsi, lokacin da maigida ya tafi Kasuwar Dole, mata da yara kawai ke gida. Haka suka yi wa wata maƙwabciyarmu mai riƙon marayu. Suka ce: "Hajiya, a ɗaure karen nan, a kora awaki waje, Alhaji ba ya son hayaniya." Babban ɗanta ya fita da awakin, ƙananan suka samu alewa suka bi shi. Cikin wannan hidima suka ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, har da famfon tsakar gida, don sun san darajar gida mai ruwa a garin nan.

Ba su taya ba, abin da ta faɗa suka amince. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsargu, domin mai saye na gaskiya sai ya nemi ragi. Suka ajiye mata jika 200 kafin alƙalami, suka ce ta ba su asalin takardar gidan su je su buga kwafi, yanzu za su dawo. Da takardar da hotunan suka je suka karɓi miliyoyi hannun wani bawan Allah, suka kashe waya. Yau shi yana cewa ya saya, ita tana cewa ba ta sayar ba, magana tana gaban shari'a. Abin da ya fi ƙona mini rai, har ta sayar da awakinta da tantabarun yaran da arha, tana shirin tashi.

Don Allah kada asalin takarda ya bar hannunku. Ku buga kwafi da kanku ku bayar. Kada a buɗe wa kowa gida sai akwai babba namiji, kuma a gaya wa yara kada su shigo da baƙo. A tambayi mai unguwa ko ya san dillalin. Gidan gado kuwa sai duk magada sun yarda. Biya da sa hannu a yi su gaban notar (jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki bisa doka) da shaidu, mai saye kuma ya bincika takardar a ma'aikatar magajin gari kafin ya ba da ko dala. Kada ku kwashe yara ko ku taɓa dabbobinku sai kuɗi sun shigo cif.

Wanda suka zo masa da irin wannan, ya riƙe lambar wayarsu ya kai wa ƴan sanda.