Akwatin fis mai gida shida: ya gyara min wayoyi, amma bakinsa bai riƙe fis ba

Akwatin nan ne mai murfin roba garai-garai, gida shida, kowane gida da ɗan jan ƙwansa da ke kamawa idan fis ya ƙone. Babu sunan kamfani a jikinsa, sai dai an rubuta wai yana ɗaukar 100A gaba ɗaya, 30A a kowane gida. Na ɗaura shi a jirgin katako mai inji da ke kamun kifi a tafkin Kainji, wajen Yawuri, a kan batir ɗaya na 12V. Kayan da ke kansa ba su da yawa: famfon kwashe ruwa, fitilar haska ruwa mai 55W, ƙananan fitilu biyu na LED, sai soket na cajin wayar hannu.

Abin da ya fara burge ni shi ne layin baƙar waya da ke cikinsa. Jirgin katako ba mota ba ne, babu bodin ƙarfe da wuta za ta bi ta koma batir, saboda haka dole kowane kaya ya sami wayoyinsa biyu, ja da baƙa. Masu gyaran wutar mota da yawa a nan suke kuskure, sai su tattara baƙaƙen wayoyin su murɗe su wuri guda su naɗe da salatif a ƙasan jirgi inda ruwa ke kwanciya. Da wannan akwatin kowace baƙar waya ta sami sukurunta. A wannan ɓangaren kam ya yi.

Amma ana tsakiyar damina, lokacin da ake buƙatar famfo fiye da komai, sai ya fara kuka a hankali yana turo ruwa kaɗan-kaɗan, can ya tsaya. Jan ƙwan bai kama ba, fis kuma lafiyarsa ƙalau. Mitar auna wuta ta nuna 12.5V a kan batir, 12.4V a babban notin da wuta ke shiga akwatin. Famfo na kunne, na ɗora mitar a sukurun fita na gidansa, sai ga 9.8V. Wato fiye da volt biyu da rabi na ɓacewa a tsakanin ƙafafun fis da bakin da ke riƙe su, tazarar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Fis ɗin ya zare ba tare da filaya ba, don bakin ya riga ya saki. Robar gefensa ta yi ruwan ƙasa ta ɗan lotsa, ƙarfen ciki kuma ya yi jar tsatsa. Maganaɗisu ya kama shi caraf. Ashe baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan kwalliya, babu jan ƙarfe ko tagulla a ciki.

Wannan ne ya fi ɓata min rai, domin irin lahanin da fis ba ya karewa ne. Fis yana ƙonewa idan wuta ta wuce kima. Idan haɗi ya yi sako-sako ko ya yi tsatsa, wutar raguwa take yi, zafi kuma ya taru a wurin haɗin, ya ƙara sassauta bakin, zafin ya ƙaru. A jirgin da jarkar fetur ke kusa, wannan ba abin wasa ba ne.

Jan ƙwan da ake tallar akwatin da shi ma yana da nasa. Ba ya kamawa sai makunnin kayan yana kunne, saboda ta cikin kayan 'yar wutarsa ke bi ta koma. Idan fis ya ƙone kuma makunni na kashe, mita za ta iya nuna maka kusan 10V ko fiye a sukurun fita, ka ɗauka wuta na zuwa alhali ta cikin ƙwan take yoyo. Kada a yarda da awon da aka yi babu kaya a kai. A kunna kayan, ko a gwada da ƙwan mota mai 21W.

Fis ɗin da suka zo tare da akwatin a cikin leda kuwa, launinsu daidai yake da ƙa'ida: ja 10A, shuɗi 15A, rawaya 20A, kore 30A. Sai dai fis na kirki idan wuta ta ninka lambarsa biyu ba ya wuce daƙiƙa biyar bai tsinke ba. Na ɗora wa na 5A ɗinsu ƙwai biyu masu 55W, kusan 9A ke nan, dab da ninki biyu, ya zauna yana ɗumi har na gaji na cire. Na zubar da ledar duka.

Ga wanda ya riga ya saya, akwai dabara. A cire kan batir tukuna, baƙar waya farko. A goge bakunan da samfefa mai laushi, a matse su da ƙaramar filaya har sai fis ya shiga da ƙyar, a shafa giris na lantarki kaɗan. A ɗaura akwatin a tsaye, sama da inda ruwa ke kaiwa, wayoyi su shigo ta ƙasa don kada ɗigo ya bi su ya shiga. Daga batir zuwa akwatin waya mai 6mm², da babban fis na 30A a jar wayar, kada ya wuce santimita 18 daga kan batir, domin akwatin ba ya kare wannan tsakanin. Fitilar 55W tana jan kusan 4.6A, fis na 7.5A da waya 2.5mm² sun ishe ta. Wayar ma a kankare ta a gani: idan cikinta fari ne mai saurin karyewa, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, a danshi ba ta daɗewa.

Ko da an yi duk wannan, ba zan sake damƙa masa famfo ba. Na fitar da famfon na ba shi wayarsa daga batir kai tsaye, da gidan fis mai murfin roba da ke hana ruwa, da lambar fis ɗin da aka rubuta a jikin famfon. Fitilu da caja ne kawai suka rage a akwatin, su ma ina taɓa bakunan da hannu bayan fitila ta daɗe a kunne in ji ko sun yi ɗumi. Mai shirin saye ya tafi shago da maganaɗisu a aljihu.