Taransifomar makirufo a ƙaramar rakoda: abin da ta yi mini da abin da ba ta yi ba

Aikina ɗaukar sauti ne a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura: tafsirin watan azumi, musabaƙar yaran Islamiyya, kiɗan kalangu a biki, sai kuma hira da dattawa kan tarihin garuruwansu, wanda shi ne abin da na fi so. Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramar rakoda ce ta aljihu mai aiki da batir ɗan yatsa, da makirufon hannu irin samfurin SM58, da doguwar waya mai kai irin na XLR, wato mai ƙafa uku. Abin da na ƙara a kansu tun kafin azumin da ya wuce shi ne 'yar taransifoma mai daidaita layi, wadda tsawonta bai kai tafin hannu ba. Gefe ɗaya tana karɓar wayar makirufo, ɗaya gefen kuma 'yar gajeriyar waya ce mai siririn kai na milimita 3.5, irin na iyafis. A Sabon Gari na saye ta a Kano, ba ta da wani fitaccen suna a jiki, amma aikinta ɗaya da su Shure A96F da Hosa MIT-156.

Hukuncina a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta. Sai dai dalilin da masu shago suke kawowa don su sayar da ita, wato ƙara ƙarfin murya, shi ne mafi ƙanƙantar amfaninta a wurina.

Ga yadda abin yake. A cikinta waya ce siririya aka nannaɗe sau biyu a kan ƙarfe guda, naɗin shiga daban, naɗin fita daban, ba sa taɓa juna, maganaɗisu ne yake tsallakar da sautin. Babu batir a ciki, saboda haka babu inda za ta samo wani ƙarfi ta ƙara maka. Abin da take yi musaya ne kawai, kamar giyar babur: ka sauya giya gudu ya ƙaru amma ƙarfin ja ya ragu, injin kuwa yana nan yadda yake. Tana ɗaga awon bolt, tana rage yawan wutar da ke gudana. Kowane makirufo da kowace ƙofar rakoda, wato ramin da ake cusa wayar makirufo, suna da turjiyar da suke yi wa sautin lantarki, ana auna ta da om. A jikin tawa an rubuta om 200 a shiga, om 2,500 a fita. Ninki 12 da rabi ke nan a turjiya, wanda yake ba da ninki 3 da rabi a bolt, wato wajen desibel 11 a ma'aunin ƙarfin sauti.

Wannan adadi shi ake nuna wa mai saye, kuma a takarda gaskiya ne. Amma ƙofar makirufo ta rakodata om 2,000 ce, kamar yadda yake a littafin Zoom H1 da wasu ƙananan rakododi. Makirufo irin SM58 kuwa, ko da yake ana lissafa shi a ajin om 150, ainihin turjiyarsa wajen 300 ce. Idan ta bi ta cikin taransifoma sai ta koma 3,750, ta fi ta ƙofar da za ta shiga, sai kaso mafi yawa na ƙarin ya zube a nan. Abin da yake saura bai wuce desibel 3 ba a kan haɗawa kai tsaye. Kunne yana ji, amma kaɗan. Na ɗan rage boliyom ɗin shiga, "shuuu" ɗin da ke bayan murya ya ɗan lafa, iyakarta ke nan. Da na gwada a rakodar wani abokin sana'a, wadda ƙofarta ta kai om dubu 20 idan an kashe wutar da take tura wa makirufo, bambancin ya fito sarai, kusan desibel 10. Don haka kafin ka saya, buɗe littafin rakodarka ka duba wannan lamba.

Inda ta biya ni shi ne doguwar waya. A masallacinmu malam da mai jan baƙi suna zama a gaba, ni kuma dole in koma can baya kusa da ƙofa don kada in tsaya a gaban jama'a. Tsakaninmu ya fi mita 15. Janareta yana bayan bango, wayoyin fanka da na lasifika sun bi ta saman kai, kowa kuma da wayar salula a aljihu. Wayar da aka haɗa makirufo da rakoda kai tsaye tana kwasar duk wannan: gurnanin wuta mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, tsiwar cajar waya, da "dit-dit-dit" ɗin nan idan kira zai shigo wa wani. Wayar XLR an yi ta ne don maganin haka. Ƙafa ta 1 rigar kariya ce, ta 2 da ta 3 su suke ɗauke da murya, ɗaya na kishiyantar ɗaya. Hayaniyar da ta faɗo a hanya tana hawa kansu duka daidai wa daida. Taransifoma kuwa bambancin da ke tsakanin biyun kawai take tsallakarwa, sai murya ta wuce, hayaniya ta tsaya a bakin ƙofa. Ƙaramar rakoda ba ta iya wannan tacewa da kanta, ƙofarta ba a yi ta don haka ba. Ranar da na fara sa ta, da na ɗora hedifon kafin a buɗe karatu, tarin wani dattijo a sahun gaba na ji da motsin shafin littafi, gurnanin nan kuwa ya yi ƙasa sosai har sai ka kasa kunne za ka gano shi. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili, domin karatun Alƙur'ani yana da wuraren tsayawa, kuma a shirun nan ne duk wata ƙazantar sauti take bayyana.

Sharaɗinsa ɗaya: taransifomar ta zauna a jikin rakoda, doguwar wayar ta kasance tsakaninta da makirufo. Kada a ƙara wa 'yar gajeriyar wayarta tsawo, don ita ba ta da waccan kariya.

Akwai amfani na biyu da ba a cika faɗa ba, alhali shi ya fi shafar mu da muke raba karatu ta WhatsApp. Wasu wayoyin haɗi na kasuwa ana like ƙafa ta 2 a gefen hagu, ta 3 a gefen dama. A hedifon za ka ji komai lafiya. Amma idan mutum ya kunna a wayarsa mai lasifika ɗaya, hagu da dama suna haɗuwa, ɗaya ya cinye ɗaya, murya ta koma can ƙasa kamar ba a ɗauki komai ba. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini ɗaukar da aka yi musu a wani gari, yana cewa, "Malam, don Allah duba mana, a wayar Baba ba a jin komai." Wannan ne ya same su. Taransifomar tana tura sauti iri ɗaya hagu da dama, ba a samun wannan asara. Haka nan masu kyau a cikinsu suna tare 'yar wutar nan ta bolt 2 zuwa 5 da rakoda take turawa don ƙananan makirufon da ake maƙalawa a riga. Makirufon hannu irin nawa ba ya buƙatarta. Idan rakodarka tana da wurin kashe ta, kashe.

Yanzu sai gargaɗi, kuma a nan nake roƙon a natsu. Akwai wata iri da ta fi yawa a shagunan kayan kiɗa, mai katon kai irin na jita, an rubuta mata om 500 zuwa 50,000. Sunansu ɗaya, kamanninsu kusan ɗaya. Ita an yi ta ne don amfilifaya mai ƙofa mai babbar turjiya, irin tsofaffin na masallatai da na makaɗa. Ninkinta 10 a bolt, desibel 20, sai mutum ya ga ai ta fi. Idan aka sa mata adafta aka cusa a ƙofar om 2,000, makirufo zai ga kamar om 20 aka ɗora masa. Sautin zai fito ƙasa da na haɗawa kai tsaye, kuma ya dusashe. Mai gyaran rediyon da nake kai wa aiki a Ringim ya ara mini ɗaya muka saurara tare, ya ce, "Ka ji ko, Alhaji? Wannan ta amfilifaya ce, ba ta aljihu ba." A amfilifayar masallaci kuwa ta yi aiki ƙwarai.

Abubuwan da ba ta yi suna da dama. Ba ta ba makirufon situdiyo wutar bolt 48 da yake nema, sai dai mai batir a cikinsa. Ba ta shiga wayar salula kai tsaye, don ƙofar waya mai zobe uku ce, tata mai biyu. Ba ta maganin iskar hunturu, wannan aikin soso ne a kan makirufo da juya baya ga gabas. Ba a kuma yi ta don sautin da ya fito daga miksa ba, wato na'urar da ake haɗa sautuka da yawa a cikinta. Makirufo 'yan milibolt yake bayarwa, layin miksa kuwa daga kashi ɗaya cikin uku na bolt har sama da bolt 1. Idan ka tura mata wannan, ƙaramin ƙarfenta yana ƙoshi, gangar kalangu ta fito a fashe. Mafitar lasifika kuwa kada ma a kusanta, rakodar ce za ta tafi. Sannan ita kanta tana jin maganaɗisu: idan na ajiye ta a kan amfilifaya ko kusa da sitabilaiza, gurnani yana dawowa, in na matsar da ita kamu biyu ya ɓace.

Abin da ya fi damuna a jikinta nauyi ne. Ita da kan XLR sun fi ƙarfin ƙaramar ƙofar rakoda, in aka bar su suna lilo za su sassauta ta, kuma gyaran wannan ƙofa a ƙauye ba sauƙi. Ina ɗaure su tare a kan ɗan katako da robar tayar keke, yadda ko yaro ya taka waya katakon zai ja. Ƙura ma tana shiga ramukan ƙafafun, sai a ji ƙaras-ƙaras, don haka a leda take kwana.

Wa ya kamata ya saya? Wanda yake da makirufon hannu mai kyau da ƙaramar rakoda, kuma aikinsa yana tilasta masa nisa da mai magana, ko ɗauka kusa da janareta da inbata. Idan hira kake yi da tsoho a zaure, kai da shi a tabarma ɗaya, makirufon jikin rakodar ya wadatar, ka sayi batura da memori da kuɗin. Wanda kuma yake da halin sayen rakoda mai ƙofar XLR a jikinta, irin Zoom H4n ko Tascam DR-40, ba ya buƙatarta sam. Farashi yana bin dala, don haka a tambaya a shago fiye da ɗaya. Ka tafi da rakodarka da makirufonka da hedifon, ka karanta lambobin om da ke jikinta, ka sa a haɗa doguwar waya a gwada a gabanka kusa da inda janaretansu yake aiki, sannan ka biya.