Barcin yaro mai otizim: ɗan shekara 3 da ɗan shekara 13

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai lalurar otizim (lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane) yana shekara 3, ba ya barci sai wajen sha biyun dare, yana kuma farkawa sau da yawa, surukarki ta ce idan ya girma zai daina. Ga yawancin yara maganarta gaskiya ce. Ga mai otizim kuwa, matsalar ta fi sauya kama a kan ta tafi.

A yankin Biristol na Ingila an bi diddigin yaran da aka haifa a 1991 da 1992. Suna jarirai babu wani bambanci a barcin masu otizim da na sauran yara. Daga wata 30 zuwa shekara 11 aka ga masu otizim suna barci ƙasa da tsaransu da minti 17 zuwa 43 a kullum, saboda sun fi jinkirin kwanciya, sun kuma fi sammakon tashi. A birnin Bergen na Nowe ma, fiye da rabin sauran yara masu wahalar barci sun warware cikin 'yan shekaru, amma masu alamun otizim ko ɗaya cikin goma bai kai ba.

Ɗan shekara 3 rigimarsa a fili take: ya ƙi hawa gado, ya tashi tsakar dare yana kuka ko yana zagaya ɗaki. Sau da yawa abin da ke hana shi runtsawa ƙaramin abu ne a wajenmu, kamar ƙarar janareton maƙwabta, ko ɗinkin wuyan riga da ke gogar fatarsa.

Ɗan shekara 13 ya daina wannan, shi ya sa iyaye ke cewa ya warke. Yana nan kwance idonsa biyu, agogon jikinsa ya ja baya da balaga, ga waya, ga damuwa. Sai da safe a ga tashi ya gagara, a aji yana gyangyaɗi, a ce lalaci ne. A ganina wannan ya fi cutarwa, don ba mai lura.

Kada ki zauna jira. Ki tsayar masa da lokacin kwanciya da na tashi, wanka da addu'a a jere iri ɗaya kullum, babu shayi da yamma, babu waya sa'a ɗaya kafin barci. Ki rubuta yadda yake barci na mako biyu ki kai wa likitan yara, ya duba taurin bayan gida, minshari da farfaɗiya. Maganin melatonin, wato sinadarin da ke sa jiki jin barci, yana taimaka wa wasu, tun 2018 Tarayyar Turai ta amince da wani nau'insa ga yara masu otizim, amma likita ne zai yanke ko ya dace da shi.