Kamun kaguwa a Alaska: ja ko mai ruwan zinare?

Ana yawan tambaya wacce ta fi dacewa a zuba wa jari. Jar kaguwar Bristol Bay, wani yankin teku a kudu maso yammacin Alaska, ta fi girma da tsada, amma 'ya'yanta kan yi makonni suna yawo kusa da saman ruwa, inda danyen mai ke taruwa idan ya malala. An janye yankin daga hakar mai a 2014, duk da haka karancinta ya sa aka rufe kamunta a 2021 da 2022.

Mai ruwan zinare ta tsibiran Aleutian can kasan teku take zaune, kamunta wahala ne da kashe kudi. Barazanar da take fuskanta ita ce malalar mai daga jiragen ruwa na dakon kaya, kamar Selendang Ayu da ya tarwatse a 2004.

Mai neman riba da sauri, ja. Mai babban jirgi da hakuri, ta zinare.