'Yar rediyo mai memori: wata huɗu da tarihin sahabbai a ɗakin Inna

Idon Inna ya yi yana tun bara, likita kuma ya ce aiki sai suga ya sauka. Mace ce da ta saba da Alƙur'aninta mai manyan baƙi, sai ga ta yanzu wuni guda a kan tabarma tana jan carbi, jikoki sun tafi makaranta, gida tsit. Shi ya sa wata huɗu da suka wuce na shiga kasuwar Wunti da ke Bauchi na sayo mata irin 'yar rediyon nan 'yar Chaina, mai ramin memori da tocila a gefe da ɗan farantin sola a baya. Rediyon naira 9,000, memori 3,500, sai 1,000 da na ba wani saurayi cikin masu tura karatu da waƙoƙi a waya, wanda ya kafa teburinsa da kwamfuta a bakin shagon.

"Alhaji, me za a zuba? Tafsiri ko ƙira'a ko wa'azi?"

Na ce tarihin sahabbai nake so, na Hausa, wanda tsohuwa za ta gane. Ya ce akwai shi cikakke, zama 64, na wani malami da ya karantar a masallaci. Minti goma bai cika ba ya miƙo mini. Ban saurari ko ɗaya ba na jefa a aljihu na hau Keke. Kuskurena ke nan, zan zo kansa.

Ita kanta rediyon ba ta da laifi a kan kuɗinta. Muryarta tana fita tas, daga ɗakin Inna har madafi ana ji. Maɓallanta manya ne masu tudu, da lalube take gane na gaba da na baya, kuma wannan ya fi mini komai. Caji ɗaya yana kai ta kwana biyu. Solar bayan kuwa ado ce kawai: na shanya ta a kan katanga tun hantsi har la'asar, abin da ta tara bai kai zama ɗaya ba. Eriyar ta karye a sati na uku, yanzu da salatif take tsaye. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk sanda aka kunna sai wata muryar mace ta kwatsa wata magana da Turanci da ƙarfin gaske kafin karatu ya fara, babu kuma yadda za a rage ta. Inna bayan asuba take kunnawa, saboda haka duk gidan mun daina makara. In batir ya mutu ana tsakiyar zama, rediyon ba ta tuna inda aka tsaya, sai dai a faro daga bismillah.

Kwana tara da sayowa na dawo daga aiki na tarar da ita jugum, rediyon a kashe. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

"Kai, zo nan. Ashe Halidu ridda ya yi?"

Na ce subhanallahi, Inna, wane Halidun? Ta ce ɗan Walidu mana. Shekaranjiya ta ji shi a yaƙin Mu'uta, an kashe Zaidu da Ja'afaru da Abdullahi ɗan Rawaha, ya ɗauki tuta, takubba tara suka karye a hannunsa, Manzon Allah (SAW) ya kira shi takobin Allah. Jiya ta ji shi a Yarmuk yana fatattakar Rumawa. Yau da safe kuma sai ga shi a kan doki a Uhudu ya zagayo ta bayan dutse ya afka wa Musulmi, har aka kashe mutum 70. Ta ce tun safe ko koko ba ta iya sha ba.

Na ciro memorin na sa a waya. Yaron nan ya kwaso zaman ne ba lamba, sunayensu duk iri ɗaya, rediyon kuma tana karantawa yadda aka zuba mata. Uhudu shekara ta 3 bayan hijira ce, Halidu a lokacin yana jagorantar dawakan Ƙuraishawa. Sai a shekara ta 8 ya zo Madina ya musulunta, a shekarar aka yi Mu'uta, Yarmuk kuwa shekara ta 15 ce, zamanin Sayyidina Umaru. Rediyo ta ɗauki shekara goma sha biyu ta kifa su. Da ban dawo da wuri ba, da gobe ta ji Umarun da ta riga ta ji wafatinsa ya rataya takobi zai je ya kashe Annabi, ko ta ji Wahshi ya kashe Musailama a Yamama sannan ya koma ya soki Hamza.

A tafsiri in aka haɗa Baƙara da Yasin a hargitse, mai saurare bai yi asara mai yawa ba. Tarihin sahabbai ba haka yake ba, domin darajarsu kanta da wa ya riga wa ake auna ta. Aya ta 100 a Suratut Tauba da magabatan farko ta fara, Muhajirai da Ansaru. Aya ta 10 a Suratul Hadidi ta ce wanda ya ciyar ya yi yaƙi kafin buɗe Makka ba ɗaya yake da na bayansa ba, sannan ta ce kowannensu Allah ya yi masa alkawarin kyakkyawa. Malamai a kan haka suka jera su: halifofi huɗu, sauran goman da aka yi wa bushara da Aljanna, mutanen Badar su 313 ko sama da haka kaɗan, sai mutanen Uhudu, sai kimanin 1,400 da suka yi mubaya'a a ƙarƙashin bishiya a Hudaibiyya a shekara ta 6. Wanda ya hargitsa jerin zaman ya rushe tsanin ke nan gaba ɗaya.

Washegari na koma Wunti. Don Allah yaron bai yi gardama ba. "Yi haƙuri Alhaji, wallahi yadda aka turo mini haka na tura." Muka zauna ni da shi sama da awa biyu, muna sauraren farkon kowane zama inda malamin yake cewa "a zaman da ya gabata mun tsaya a kaza", muna sa lamba daga 01 har 64. Ya goge memorin ya sake zubawa ɗaya bayan ɗaya, bai karɓi ko sisi ba, har da sayo mini ruwan leda. A nan ne kuma na ga ya ƙara mini gyara da ban roƙa ba: wasu guntaye guda bakwai na raddi, wannan malami ya zagi wancan a kan Sayyidina Mu'awiya, wancan ya rama. Na ce ya cire. Ya ce ai su aka fi nema. Na ce na sani, cire dai.

Karatun kansa shi ne ya biya ni kuɗina. Malamin ba mai ihu ba ne, a hankali yake tafiya kamar mai ba jikoki labari. Zaman farko ya ɓata shi kaf a kan tambaya ɗaya, wane ne sahabi, ya kawo ma'anar da Ibnu Hajar ya bayar: wanda ya haɗu da Annabi yana mai imani da shi, ya kuma mutu a kan Musulunci. Ya ce an zaɓi "haɗuwa" a kan "gani" ne saboda irin su Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da yake kiran salla. Inna ta sa na maimaita mata wannan wurin sau uku, ban tambaye ta dalili ba.

Zaman Mus'abu ɗan Umairu na zauna muka ji tare. Saurayin da babu mai tufa da turare irin nasa a Makka, ya faɗi a Uhudu riƙe da tuta, aka rasa likkafani sai mayafi ɗaya, in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, har aka rufe kan aka sa ciyawa a ƙafafun. Da aka zo hadisin nan na "kada ku zagi sahabbaina", inda aka ce da ɗayanku zai ciyar da zinariya kamar dutsen Uhudu ba zai kai mudun ɗayansu ko rabinsa ba, Inna da ta shekara ashirin tana auna hatsi a zaure ta dakatar da rediyon.

"Mudun kasuwa ko mudun Annabi?"

Na ce na Annabi, na zakkar fid da kai, cikin tafi biyu. Ta buɗe hannuwanta tana kallonsu da idon da ba ya gani sosai, ta ce rabin wannan fa. Malamin ya ƙara da abin da ban taɓa sani ba, cewa a ruwayar Muslim maganar ta fito ne lokacin da wani saɓani ya shiga tsakanin Halidu da Abdurrahman ɗan Aufu. Wato Halidun ma, duk da takubbansa tara, an ja masa kunne a kan wanda ya riga shi.

Inda na ga gazawarsa shi ne mata. Cikin zama 64, biyar kawai suka samu: Nana Hadiza, Nana A'isha, Nana Faɗima, sai sauran a cakuɗe. Sumayya, wadda ita ce farkon wanda ya yi shahada a Musulunci, minti huɗu aka ba ta. Nusaiba da ta tsaya da takobi a Uhudu an ambace ta ne a wucewa. Nana A'isha da ta ruwaito hadisi 2,210 ta cancanci fiye da zama guda, balle a garin da kowane gida akwai Indo da Dije da Binta da Ma'u. Yaƙin Raƙumi na shekara ta 36 da Siffin na 37 kuwa ya taƙaita su da gangan, ya karanto abin da duk wanda ya yi Risala a zaure ya sani, cewa ba a ambaton ɗayansu sai da mafi kyawun ambato, kuma a kame baki daga abin da ya auku a tsakaninsu. Ni da na so ya faɗaɗa kaɗan, amma ba don ni aka saya ba. Akwai kuma zama biyu da aka ɗauka kusa da janareta, sai an kasa kunne.

Wanda zai saya wa tsohonsa, ya saya, amma kada ya bar teburin sai ya ga lamba a gaban kowane zama, ya kuma sa memorin a cikin rediyon ya latsa na gaba sau biyar ko shida ya ji da kunnensa. Ya haɗa da batir na biyu, kada ya dogara da solar. Inna yanzu tana zagaye na biyu, jiya ta kai wurin da Zaidu ɗan Sabitu yake tattara Alƙur'ani bayan Yamama. Ta ce in sayo wa aminiyarta da ke Jahun irinta kafin azumi, amma in gaya wa yaron nan ya ƙaro na matan.