Kauɗa ba ta yi a Legas

Yaya, ina gaishe ki da kyau. Da fatan Inna ta ji sauƙin ƙafarta. Kuka da daddawar sun iso, Allah ya bar zumunci.

Kin ce me ya sa nake ta naci a aiko min da kauɗa, alhali ina garin da babu abin da babu. Tumatirin da Legas ke ci ai namu ne. Manyan motoci ke sauke shi a kasuwar Mile 12, daga Kadawa da Kura da Zariya da Jos, kuma in kin shiga wajen sai ki rantse a 'Yankaba kike, ko'ina Hausa ake yi. Sai dai kafin kwando ya gama tafiyar kusan kilomita 1,000, na ƙasa ya fashe. Wannan fasasshen Yarbawa na ce masa esha, kuma yana da masu sayensa, don talaka ba ya iya taɓa mai kyan in damina ta faɗi.

Ranin farko da na yi a nan, tumatir ya yi arha, na sayo rabin kwando, na yanka, na shanya a kan buhu a baranda. A gida kwana huɗu iskar hunturu ta gama da shi. Nan har kwana biyar yana nan laɓe-laɓe, ya yi fumfuna fari fat, ƙudaje sun baibaye shi. Iskar garin ta teku ce, jiƙaƙƙiya. Ina zubar da shi ina ƙwalla, don kuɗin cefanen mako ne.

Maƙwabciyata Bayarabiya, da muke ce wa Iya, ita ta gan ni ta koya min nasu. A wanke tumatir lafiyayye, ban da esha, a kai markaɗe, a dafa har ruwan ya tsotse ya yi kauri. Kwalaben mayonis na Bama da aka tara a wanke su a tafasa, har murafen. A zuba yana da zafi, a bar ɗan fili a wuyan kwalba, a sa ruwan lemon tsami babban cokali biyu a duk lita, a rufe. Sai a shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, a jera su, ruwa ya shanye kansu, su yi minti 45 suna tafasa. Ku a Kano ku ƙara minti biyar, garin ya fi nan tudu. In sun huce, murfin zai lotsa ciki. Wanda ya kumbura ko ya yi kumfa, kada ma a ɗanɗana. Attaruhu da albasa ba na haɗa su a ciki, ba su da tsamin da zai tsare su.

Firiza kuwa ban yarda da ita ba. A ɗauke wuta kwana biyu, an yi asara.

Kwalba goma sha biyu na yi bana, su suka kai ni har Yuli, lokacin da maƙwabta suka koma tumatirin leda. Kin tuna 2016, da tsutsar nan ta cinye gonakin Kano da Kaduna? Tun da na ji labarin wahalar da aka sha a nan a shekarar, ba na yarda rani ya wuce ni ban ajiye tumatir ba.

Abin da ke ci min rai, Yaya, shi ne tuna kwandunan da ke ruɓewa a bakin titin Kwanar Gafan in kasuwa ta faɗi. Kuna da ranar da mu ba mu da ita, ga tumatir a ƙofar gida. Don Allah bana ki gwada ko kwalba shida ce. Kauɗar kuma ki shanya a kan tabarma, ta bara akwai yashi. In ta bushe ki ba direban nan na Agege mudu uku, da busasshiyar kuɓewa in ta samu.