Kyamarar fim ko ta dijital? Amsa ga ƙanenmu na Nima

Ƙanena, ka ce kawunka ya bar maka tsohuwar kyamarar fim, kana kuma da kuɗin sayen ta dijital ta hannu, wacce za ka riƙe don hoton fasaha?

Mu fara da aljihu. Fim na 35mm hoto 36 yake ɗauka, wani 24. Ka saya, ka biya wanki, ka sake biya a zuba maka a kwamfuta. Daga waje ake kawo shi, in sidi ya faɗi sai farashinsa ya hau. Dijital sau ɗaya za ka ji zafin biya, daga nan sai caji. Ka je bikin fasahar titi na Chale Wote ka ɗauki ɗari biyar, ka ga kuskurenka nan take.

Amma wannan arhar ita ke lalata ido. Na taɓa tsayawa kusan rabin awa a bakin kasuwar Nima, saura hoto biyu a fim ɗina, ina jiran hayaƙin mai tsire ya ratsa hasken la'asar. Da dijital ce a hannuna da na danna sau hamsin na wuce, ban ko lura da yaron da ke miƙa masa canji ba.

Yanayinmu bai ƙyale kowacce ba: zafi da danshin teku na ɓata launin fim, ƙurar hunturu kuma ta shige cikin dijital ta bar ɗigo a kowane hoto.

Inda fim ya yi zarra shi ne daɗewa. James Barnor, mai ɗaukar hoto ɗan Ghana, ya buɗe shagon hotonsa Ever Young a Jamestown tun shekarun 1950, har yau ana buga hotunansa daga nagatif, wato wankakken fim, ana baje su a Turai. Ni kuwa wayata ta faɗa kwata a damina, hotunan shekara biyu suka bi ruwa. Abin dariya, injiniyan Kodak, kamfanin yin fim, ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, a 2012 kamfanin ya durƙushe.

Sayi ta dijital ka koyi haske da ita. Ta kawu kar ka sayar: sa ta a kwano mai murfi saboda danshi, ka tanadi fim ɗaya don hawan sallah.